Jiƙon Uwar Magini

Na ji kina shirin mayar da surukarki ƙauye kafin a sallamo mijinki daga asibiti, wai kada ta ɗura masa sassaƙe. Ajiye mayafin nan tukuna, Talatu, ki ji abin da ya faru a gidan wani magini.

Maginin nan ƙodarsa duka biyu suka gaza, sai ƙanwarsa, autar ɗakinsu, ta ba shi tata guda. Da aka sallamo shi, likita ya kafa masa doka: ƙwayoyin magani safe da yamma a kan lokaci har iyakar ransa, don kada jiki ya ƙi baƙuwar ƙodar, kuma ban da jiƙo, ban da sassaƙe, ban da taron 'yan dubiya. Ga shi mutum mai taurin kai, ya saba ba da umarni daga kan katanga, bai saba a ba shi ba. Ana cikin haka mahaifiyarsa ta iso da 'yar tukunyarta da ƙunshin saiwoyi. Shi ne ɗanta na fari. Shekara arba'in da bakwai ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta zama inda yake zaune, in zancensa ya taso sai ta ce "wancan". Duk son da take masa a tukunyar nan take zuba shi tun yana goye. Kowace safiya sai ta dafa jiƙo, ta ajiye a ƙofar ɗakinsa, ta juya. Shi kuma ya rantse ba zai mayar wa uwarsa ƙwarya cike ba, ko da ƙodar za ta tafi. Matarsa ta riƙa riga shi ɗauka tana tuttulewa a rariya. Kwana huɗu, tsohuwa ta ga bakin rariya ya yi ja, ta gane. Ba ta yi faɗa ba, ta ɗaure ƙunshinta ta ce a kai ta tasha. Ni dai ko yanzu na tuna wajen nan sai ta ba ni tausayi.

Autar ce ta tare ta a zaure, tana dafe da kwiɓinta, don ita ma ɗinkinta bai gama kamewa ba. Kin san auta, bakinta a sake yake gaban uwa. Ta ce, "Inna, likita ya ce jiƙo na iya kashe ƙodar nan, ni kuma ba ni da wata da zan ƙara ba shi. Ga abin da ke riƙe da ita. Sau biyu ke nan yana wuce lokaci, ba ya jin ta matarsa, ba ya jin tawa." Ta damƙa mata robar maganin. Tsohuwa ta daɗe tana juya ta a hannu, sannan ta kwance ƙunshinta. Ba ta san agogo ba, sai ta kama lokacin labaran rediyo, na safe da na yamma. Mai labarai na yin sallama, ƙwayoyi da ruwa suna ƙofar ɗaki, a cikin ƙwaryar da ta saba zuba jiƙo. Sauran yini tana zaure a kan tabarma. Duk wanda ya zo dubiya da wani ƙulli a aljihu, tun daga bakin ƙofa take gane shi da wari, don ai ba a yi wa gwani wayo. Ta amsa gaisuwa, ta sa albarka, ta mayar da mutum da kayansa.

Bayan wata biyar magini ya ji ƙarfi, kumburin ƙafarsa ya saɓe, har yana hawa tsani yana duba rufin gida. Wata safiya ya turo ƙwaryar waje ba tare da ya taɓa ba, ya ce ya warke, wannan haɗiye-haɗiyen ya ishe shi. Matarsa ta roƙe shi, autar ta yi kuka, ya ƙi. Sai tsohuwa ta tashi daga tabarmarta, ta ɗauki ƙwaryar, ta shiga ɗakin da ba ta taɓa shiga ba. Ta tsaya a kansa, ta dube shi ido cikin ido, ta ce, "Hashimu, haɗiye." Ƙaton mutum, da furfura a gemu, sai ga hawaye. Ya karɓa da hannu biyu ya haɗiye, kuma bai sake wuce lokaci ba. Yau shekara shida, ƙodar tana nan tana aikinta.

To Talatu, kada ki kori tsohuwar nan. Ki karɓi tukunyarta cikin ladabi, ki ba hannunta wani abin riƙewa, don akwai maganar da mijinki ba zai ji daga bakinki ba sai daga nata. Ba a banza Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani ba.