Ɗinkin Italiya a Kalley

Hajiya Latifa ta dira a wata rumfa a wani lungu na unguwar Kalley, 'yan sanda biyu na biye da ita. Ita ce attajirar nan mai kamfanin jakunkunan fata da matan ministoci ke wa layi, amma wani tsohon baduku ya hana ta sukuni: wai yana sayar da irin jakarta sefa dubu sha biyar.

"Baba, ko kunya ba ka ji?" Ta dangwarar da tata a kan tabarmarsa. "Ga ta gaskiya, miliyan biyu. A Italiya ake ɗinka mini, da hannun da bai taɓa cin tuwo ba. Taɓa ka ji."

Badukun, Baba Illiyasu, ya goge hannu a riga, tunda abin na manya ne. Ya juya cikin jakar waje, sai ga ɗan ƙulli na koren zare a ƙasa. Ya juya ɗaya cikin nasa: ƙulli iri ɗaya, a wuri ɗaya.

"Haka muke rufe ɗinki a gidanmu na Damagaram," in ji shi. "Shekara tara ke nan wani Bature yana sa ni aikin, ya kwashe zuwa ƙasarsu."

'Yan sandan suka shiga kallon sama.

"Kar ki damu, ɗiyata, taki ta fi," ya ce yana miƙa mata. "Ta hau jirgi sau biyu. Ni ko filin jirgin ban taɓa shiga ba."