Kwano Ɗaya

"Saura nawa?" Barira ta tambayi mijinta.

Sagir ya duba awarwaron da hukuma ta ɗaura wa kowa, mai ƙirga duk lomar da mutum ya haɗiye. "Loma ɗari biyu. Ban taɓa wuce iyaka ba."

"Amma jiya ka ƙara wa bel ɗinka huda don ya matse ka. Yallaɓai, biskit da lemon kwalba ba sa riƙe ciki."

"Awarwaro bai san wannan ba, ƙirga kawai ya iya."

Ƙarshen wata za a auna shi. In bai ragu ba, wata uku zai yi a gidan rage ƙiba, ga lallen aurensu ma bai gama gogewa daga hannun Barira ba. Ya tashi, ya zauna, ya sake tashi.

Ta ajiye dambun zogale a kwano ɗaya. Tun zuwan awarwaron aka daina cin kwano ɗaya a unguwar, domin wanda ya fara sa hannu, a kansa ake ɗora lissafin kwanon duka.

"In ya yi ƙara fa?" ya ce.

Barira ta riga shi tsoma hannu. Nata awarwaron ya yi jawur.

"Ci ka ƙoshi," ta ce. "Daga yau ni zan riƙa fara sa hannu."