Murfin da Inna ta tura gabana

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Wancan" take ce mini, ko a gaban mutane ko mu biyu.

Wata la'asar a Aujara, Kawu, ƙaninta da ke aiki a Dutse, ya zo mana da wani wasa. Ya zana gidaje a bayan kwali, ya ba kowa murfin kwalba a matsayin mayaƙi. Shi ke ba da labarin, ɗan lidon da muke jefawa ke yanke hukunci. Saura mutum ɗaya mu cika, sai Kawu ya lallaɓa Inna ta zauna.

Ita ce mai garkuwa. Kawu ya ce aikinta ta toshe ƙofar gari, mu masu baka mu yi harbi daga bayanta. Wani ɓarawo ya hauro ta katanga ya tsare ni, sauran bugu ɗaya a cire ni. Inna ba ta dube ni ba. Ta ɗauke jan murfinta daga ƙofa, ta ajiye shi a gaban nawa.

"Wancan ya koma bayana," ta ce.

Ɓarayi suka kwararo ta ƙofar, aka cinye mu. Goggo, ƙanwar Baba, ta kama haɓa tana dariya: "Ashe dai kina sonsa."

Inna ta rufe fuska da mayafi ta shige ɗaki. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona, kamar an kama mu da sata.

Har yau in na tuna, sai na sunkuyar da kai. Amma murfin yana wajena.