Mai Duba Tukunyar Kashe Gobara

Ranar da wayar dutsen guga ta kama da wuta a shagon ɗinkin matata, ni na riga kowa ciro tukunyar kashe gobara daga bango. Na zare fil ɗinta, na saita bakinta a gindin wutar, na matsa. Ta yi ɗan huci, ta yi shiru.

Kafin maƙwabta su kawo tasu, kekunan ɗinki biyu sun ƙone, hannun matata na dama ya saluɓe garin ceto kayan mutane.

Da akwai mutumin da ke zuwa duk wata yana duba tukunyar. Dogo ne, mai fara'a. Yakan girgiza ta, ya leƙa allurarta, ya faɗi abin da zai sa matata irin dariyar da na daɗe ban ji a gida ba. Wata rana na tare shi a bakin layi, na ce mun samu wani, kada ya ƙara zuwa. Ban nemi kowa ba, ita ma ban faɗa mata ba.

A asibiti ta ce, "Maigida, Allah dai ya sa mutumin nan lafiya. Bai taɓa fashi ba, sai ga shi shiru."

Na ce, "Amin."

Katin da ke rataye a wuyan tukunyar yana aljihuna. Sa hannunsa na ƙarshe wata tara ke nan. A bayan katin ya rubuta: "Iskarta na raguwa. Zan kawo sabuwa ranar Litinin."