Baƙon Da Ya Juya Fuska

Da hannu biyu saurayin ya miƙa fasfonsa, kuma wannan ne ya fara tayar wa Pyo Man-sik hankali.

Shekara goma sha tara Pyo yana gadin ƙofar gidan caca na wani katafaren otal a bakin tekun Jeju, aikinsa kuma ɗaya ne: baƙin ƙasashen waje su shiga, ɗan ƙasa ya tsaya waje, haka doka ta ce. Bara wani masunci ya shammace shi da baƙin tabarau da fasfon aro, aka ba Pyo takardar gargaɗi. In aka sake, kora ce babu fansho, ga shi saura wata bakwai ya yi ritaya. Tun daga ranar ko inuwarsa bai yarda da ita ba.

Fasfon na Kanada ne, da sunan Trevor Yeom. Hoto ya yi daidai, na'ura ma ta amince. Amma fuskar ta gida ce, kuma da aka mayar masa da fasfon sai ya rusuna, irin rusunawar da yaran yanzu suka daɗe da mantawa.

Ya shiga. Bai kalli teburan kati ba, bai taɓa injin ko ɗaya ba. Ya sami kujerar da ke fuskantar ƙofa, ya ɗora wani kwali da aka naɗe da ƙyallen siliki a cinya, ya zuba wa Pyo ido. Sau uku ya miƙe, ya laluba aljihu, ya yi taku biyu, ya koma ya zauna yana share gumi.

Pyo ya matsa kusa da Madam Gong mai raba kati.

"Kin ga wancan? Ɗan gida ne. A yanke min hanci in ba ɗan gida ba ne."

"Kai dai, Shugaba, ka cika zargi," in ji ta. "Ba kai ne makon jiya ka ce tsohuwar nan 'yar Filifin a kasuwarmu take sayar da kifi ba?"

Pyo bai kula ta ba. Ya zagaya ta bayan saurayin, ya ce da harshen gida, "Malam, wandonka ya yage." Saurayin ya zabura, ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa kwalin, bai ko waiwaya ya duba wando ba. Pyo ya sa aka yi shela a lasifika da harshen gida cewa akwai maciji a ƙarƙashin kujeru. Masu shara biyu suka hau tebur. Baƙon yana nan zaune yana murmushi.

Wannan ƙwararre ne, in ji Pyo a ransa, kuma tsoro ya kama shi na gaske.

Wayarsa ta yi ta ruri a aljihu. 'Yarsa Da-som ce, wadda ta dawo gida daga Kanada kwana biyar ke nan bai sami zama da ita ba. Ya katse, kamar yadda ya saba. Mutumin da ke ceton fanshonsa ba ya hira.

Da tsakar rana ya sa aka kawo abincin mutum biyu, ya zauna gaban saurayin. Kabeji mai yajin da ko mutanen ɗakin girki ke tsoro. Saurayin bai ɗaga tsinken cin abinci ba sai da Pyo ya fara kai loma. Daga nan ya ci, hawaye na zuba, hanci na yoyo, har ya share kwanon tas.

Saura gwaji ɗaya. Pyo ya karɓo kwalbar soju, giyar ƙasar, ya tsiyaya masa a ƙaramin kofi.

Saurayin ya karɓa da hannu biyu. Ya juya fuskarsa gefe, ya kare bakinsa da tafin hannu, ya shanye. Sannan ya ɗauki kwalbar, hannun hagu na tallafe da na dama, zai zuba wa Pyo nasa.

"Na kama ka!" Pyo ya buga tebur. "Wane Bakanade ne zai ɓoye fuska don yana shan giya gaban babba? Uwarka ce ta koya maka wannan, kuma a ƙasar nan ta koya maka! Ku riƙe shi!"

Masu gadi huɗu suka rufe shi. Yana ta zuba Turanci, yana nuna Pyo, yana nuna kwalin. Aka kwance ƙyallen ana tsammanin na'urar maguɗi, sai ga naman sa mai tsada an jera shi yanka-yanka. A aljihunsa kuma aka sami wata takarda a ninke, da rubutun gida.

"Ga shaida," in ji Pyo, ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

Ƙarfe biyu 'yan sanda suka tafi da saurayin, takalmi ɗaya a ƙafa. Aka manna hotonsa a ƙofa, an hana shi shiga har abada. Manaja da kansa ya sauko ya ba Pyo hannu, Madam Gong ma ta nemi afuwa. Rabon Pyo da irin wannan farin ciki tun ranar da ya gama aikin soja.

Ya shiga ofis zai rubuta rahoto, ya sa tabarau, ya buɗe takardar.

"Baba, tunda ba ka ɗaga waya, ni kuma doka ta hana ni shigowa wurinka, ga wanda zan aura nan na turo maka. Bai iya ko kalma ɗaya ta harshenmu ba, amma wata uku na yi ina koya masa ladabi. Don Allah ka ba shi soju ka ga yadda zai yi."