Hannun da Tsoho Ke Riƙewa

Kullum da hantsi, da zarar jiniya ta fara kuka, sai Tsoho ya fito daga fadar gwamnati da ƙafa, hannunsa na hagu riƙe da na matarsa. Shi ne shugaban ƙasa, amma tun da abokan gaba suka yi wa babban birnin ƙawanya, ba mai kiransa da wani suna sai wannan.

A garin, har yara sun iya sauraren harsashin igwa. In ya yi dogon fito a sama, na wata unguwar ne. In fiton ya yanke ba zato, to kwanta, naka ne. Mutane na zubewa a kwata, karnuka na shigewa ƙarƙashin motoci, amma Tsoho ko ɗaga kai ba ya yi. Takunsa ɗaya ne, a hankali, kamar mai zuwa duba gona.

Masu shayi suka samu abin tsokana. Wai ga mutumin da ba ya tsoron igwa, amma titi ma ba ya iya tsallakawa sai Mama, wato matar tasa, ta riƙe shi. Ita kuwa Mama, kowa na ganin yadda gumi ke tsattsafo mata a goshi, leɓenta na rawa. Mata suka ce baiwar Allah matsoraciya ce, ya bar ta a gida mana ta huta.

Gaskiya Tsoho ya canza tun ranar da igwa ta rushe rabin ofishinsa, aka zaro shi daga cikin ɓaraguzai. Muryarsa ta ƙara ƙarfi. In ka kira shi ta baya, ko kai minista ne, ba zai waiwayo ba. A majalisa ya kafa doka: mutum ɗaya zai yi magana a lokaci guda, kuma ya dube shi ido cikin ido. Da kwamandan abokan gaba ya bugo waya yana tayin miƙa wuya, Tsoho ya dubi wayar a hannun mataimakinsa ya ce, "Ajiye ta. Ba ni da abin ji a wurinsu." Kafin azahar maganar ta zaga gari.

Hanya ɗaya ta rage a buɗe, ta yamma. Da gangan abokan gaba suka bar ta, kuma duk wanda ya bi ta ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Dakarun agaji na can tsallaken kogi suna jiran ruwa ya janye. In jama'a suka fashe kafin nan, sojojin da ke tsaron garin za su bi iyalansu, shi ke nan birni ya tafi.

Mataimakin ya faɗa masa a fili. "Ranka ya daɗe, kai kaɗai ke riƙe da mutanen nan. Ranar da suka ga ka sunkuya, wallahi ko kaza ba za ta kwana a garin nan ba."

Da burodi ya ƙare, haƙuri ma ya ƙare. Wata safiya tashar mota ta cika maƙil. An ɗaure katifu a kan manyan motoci, mata sun goya jarirai, direbobi sun tada injuna, duk hancin motocin na kallon yamma.

Tsoho ya zo. Ya hau matakalar ofishin tasha, Mama a gefensa, ya fara magana. Bai yi musu alkawarin daɗi ba. Ya ce akwai yunwa a gaba, akwai jana'iza, amma gidajen nan nasu ne, kuma shi yana nan.

Sai fiton ya taso.

Siriri ne, yana ƙaruwa. Kawuna suka ɗaga sama. Wani direba ya sa giya. Idanun jama'a duka suka dawo kan Tsoho, suna jiran su ga ko kafaɗarsa za ta motsa.

Fiton ya yanke.

Yatsun Mama suka motsa a cikin tafinsa kamar za su damƙe. Sai ta cije leɓe, ta sake su.

Tankin ruwan da ke bayan ofishin ya tarwatse. Ƙasa ta girgiza, gilasai suka zubo, ƙura ta turnuƙe. Da ta lafa, Tsoho na tsaye inda yake, farar ƙura a gashinsa. Ya ɗan dubi hannun da ke cikin nasa, sannan ya ƙarasa jimlarsa. Can wani direba ya kashe injinsa, na kusa da shi ma ya kashe, mata suka fara kwance igiyoyin katifu.

Sai da suka koma fada aka rufe ƙofa, sannan Mama ta zube. Gefen rigarta ya jiƙe sharkaf da jini.

Likita ya daɗe a kanta. Tsoho na tsaye a bakin taga, ya ba su baya.

"Ranka ya daɗe, na ciro ƙarfen harsashin, za ta tashi," in ji likita.

Tsoho bai motsa ba. Likita ya maimaita da ƙarfi. Shiru.

"Likita," Mama ta ce da ƙyar, "zagaya ta gabansa, ya ga bakinka. Mun yi da shi in na ji na kusa zan matsa hannunsa ya kwanta. Yau ban matsa ba, kada ka faɗa masa."

Tun ranar da aka zaro shi daga ɓaraguzan ofishinsa, Tsoho bai ƙara jin ko tari ba, kuma duk harsashin da ya yi fito a kan garin nan, matsoraciyar ce ta ji shi a madadin su biyu.