Ta Bakin Kasuwa Ya Fi Kusa

Taswirar wayarta ta nuna dama, mai keke-napep ɗin ya karya hagu.

Kwananta biyu a Jimeta, baƙuwa ce daga Kumasi, ba ta san kowa ba. Tun safe take yawo da kwamfutar aikinta a jaka, ta ga kogi, ta ci kifi. Yanzu saura minti goma ta shiga taron ofishinsu ta bidiyo daga masauki.

"Malam, ba nan ba ce hanya."

Ya ci gaba da tuƙi. Lungu ya ƙara matsewa, shaguna suka ƙare. Duk labaran da aka tsoratar da ita da su kafin ta taso suka dawo mata. Ta ƙanƙame jakar, ta zura ƙafa ɗaya waje tana neman inda za ta dira.

Sai ga ƙofar masaukinta.

Ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Yi haƙuri, Adda. Na sani, ta bakin kasuwa da wayarki ta nuna ya fi kusa. Ranar da bam ya tashi, a nan na sauke matata za ta sayo kayan miya. Shekara tara ke nan na kasa bin titin."